Foldar da Mai Shara Ya Tsallake

Babbar kwamfutar kamfanin ta cika, kuma kowa a ofis ya sani, domin ko hoton fasfo guda ta daina karɓa. Tulasa, wadda ke ɗaukar samari hoto da bidiyo kafin a tura su aiki ƙasashen waje, ta leƙo ɗakin Pabitra da kofin shayi a hannu tana mita.

"Bahini, ƙanwata, wannan tsohuwar taki ta ƙoshi fa. Tun safe nake ba ta yaro ɗaya tana tofo mini shi. Ko a kai ta asibiti a yi mata wankin ciki?"

"Ke kika ɗura mata, didi, yayata. Yaro zai faɗi sunansa da garinsu, ke sai kin sa shi ya yi ta maimaitawa wai gashinsa bai kwanta ba."

"To, in tura ɗan mutane Malesiya da kai kamar tsintsiya?"

Pabitra Khadka ita ce mai kula da kwamfutocin wannan kamfani na tura ma'aikata waje, da ke saman shagon masu sayar da akwatunan tafiya a unguwar Gongabu. Ɗakinta ƙarami ne, ba taga, sai fanka da ƙugin na'ura. A cikin na'urar nan duk mutumin da kamfanin ya taɓa ɗorawa a jirgi yana da foldarsa: fasfo, takardar likita, kwantiragi, da ɗan bidiyon da ake nuna wa masu ɗaukar aiki. Tun da aka buɗe kamfanin ba a taɓa goge ko ɗaya ba. Mutanen ofis ɗin nan ko ledar biredi sai sun linke sun ajiye, balle fayil.

Da hantsi Sahuji, mai kamfanin, ya aiko a kira ta. Mutum ne mai tumbi da saurin baki, ya fi son a ce masa matsala ta wuce da a tsaya yi masa bayanin yadda ta zo. Pabitra ta fara cewa a ƙaro wurin ajiya, ya ɗaga hannu tun ba ta kai aya ba.

"A ƙaro, a ƙaro, kullum a ƙaro! Gidan tarihi na buɗe? Bahini, haɗa mana abin nan da ke tashi da kansa. Duk Asabar da rana, ranar hutu, ba kowa a ofis, ya bi ya share duk foldar da aka shekara biyar ba a taɓa ba. Wanda ya dawo ya dawo, wanda ya samu wuri can ya zauna. Mu me za mu yi da takardunsu?"

Sai da maganar ta fita ya tuna da wadda yake yi wa ita. Ya sunkuyar da kai yana jujjuya biro a kan tebur.

"To, kin dai fi ni sanin aikinki. Ni ba na karanta abin da kike rubuta wa na'urar nan, kuma ba wanda zai karanta."

Ta gane abin da yake nufi: in ta sa a tsallake wata folda, ba mai sani. Ta ce, "To, Sahuji," ta fita.

A cikin tsofaffin foldojin nan akwai ta mijinta. Khagendra ya bi ta wannan ofis ya tafi Malesiya aikin masana'antar kujeru, lokacin aurensu bai cika shekara ba. Da farko duk Asabar yana kira, ya tambayi mahaifiyarsa ciwon gwiwarta, sannan ya ce a miƙa wa Pabitra wayar, ya rage murya. Wata Asabar bai kira ba. Ta gaba ma haka. Masana'antar ta ce ya fita ran hutu bai dawo ba, iyakar saninsu ke nan. Ba gawa, ba labari, ba wanda ya ce ya hango shi a kasuwa ko a tasha. Pabitra ta yi watanni tana zuwa ta zauna a bencin bakin ƙofar ofis ɗin tare da sauran mata masu jira, har ta gaji da jin "ba labari tukuna" daga bakin wasu. Sai ta je ta koyi kwamfuta, ta dawo ta nemi aiki a nan, don in labarin ya zo ya same ta a zaune.

Ita ce ma ta tsara yadda saƙonni ke shiga. Duk imel ɗin da ya iso kamfanin ɗauke da lambar fasfon wani ma'aikaci, ko daga asibiti ne, ko ofishin jakadanci, ko gidan yari, na'urar takan ɗauke shi ta jefa a foldar mutumin. In babu folda mai wannan lamba, sai ta zubar da saƙon tare da tallace-tallacen banza da ke tuɗaɗowa kullum. Wato foldar Khagendra ita ce ƙofa ɗaya tak da ta rage wa labarinsa. Kowace safiya, kafin ta kai shayi baki, Pabitra takan buɗe ta. Fayil huɗu ne a ciki, kullum su ne dai. Takan kunna bidiyon, ta rage sauti, ta kalla, ta rufe, sannan ta fara aikin mutane. Tana kewarsa har yau, kewar da ta daina ƙaruwa amma ta ƙi raguwa.

A gida kuma wata maganar ce ke jiranta. Ama, uwar mijin nata, wadda suke zaune tare su biyu a gidan haya a unguwar Kalanki, ta bari sai da suka gama cin shinkafa da dal, miyar wake, sannan ta ce:

"Nani, 'yata, purohit, malamin addininmu, ya zo yau."

Pabitra ta ci gaba da tattara kwanoni.

"Ya ce shekara goma sha biyu ta cika. Za a ɗaure ciyawar kush mai tsarki a yi siffarsa, a kai bakin kogin Bagmati a ƙona, a yi masa duk abin da ake yi wa mamaci. Ya ba da rana, mako mai zuwa."

"Wa ya ce ya mutu, Ama?"

"Ba wanda ya ce. Wa ya ce yana raye?" Tsohuwar ta miƙe ƙafa tana murza gwiwa. "Ni na haife shi, ba ke ba. Kina tsammani da sauƙi na kawo nan? In ya mutu, duk shekarun nan yana yawo ba wanda ya ba shi ko ruwa. Ina so in sallame shi da hannuna kafin ni ma a ɗauke ni. Ke ma ki huta, nani. Dubi furfura ta fara leƙo miki daidai inda kike sa sindur."

Pabitra ta san abin da ranar za ta ci mata. Za a wanke jan garin sindur, alamar matar aure, daga tsagar gashinta, a farfasa mata awarwaronta na gilashi, a cire duwatsun wuyanta, ta sa fararen kayan takaba. Ta roƙi Ama ta ba ta zuwa ƙarshen mako. A ranta kuwa maganganun biyu sun riga sun zama ɗaya: in ta bar na'ura ta share foldar, to ta yarda a ƙona ciyawar.

Aikin kansa ba wani mai wuya ba ne, amma abin tsoro ne, domin umarnin gogewa ba ya tambaya sau biyu. Ka nuna masa wuri ba daidai ba, ka tafi gida ka ci abincinka, ka dawo ran Lahadi ka tarar da kamfani fayau. Saboda haka Pabitra ta bi shi a hankali. Ta killace shi a cikin babbar foldar ma'aikata, ta hana shi leƙa ko'ina bayan nan. Ta sa masa lokacin tashi, Asabar da tsakar rana. Ta ce ya duba ranar ƙarshe da aka taɓa kowace folda, kamar yadda Sahuji ya faɗa, in ta haura shekara biyar ya kwashe ta da duk abin da ke cikinta. Can ƙasa akwai layi ɗaya, inda ake rubuta lambar foldar da ba a so ya taɓa ko ta shekara ɗari. Ta ɗora yatsu a kan madannai, ta daɗe a haka, sannan ta bar layin ba komai ta ce sai gobe.

"Me sunansa?" in ji Tulasa, da ta ji labarin.

"Ba shi da suna, didi. Umarni ne kawai."

"Haba! Mutum zai riƙa zuwa mana aiki duk Asabar a ce ba shi da suna? Mai Shara ke nan. Ki ce masa in ya gama ya biya ta ɗakin Sahuji, akwai abin kwashewa a kan kujerar nan."

Sunan kuwa ya bi shi.

Ran Laraba da la'asar ta yi gwaji. Ta ɗaure wa Mai Shara hannu, ta ce ya faɗi abin da zai share kawai, kada ya share. Sunaye suka fara gudu a allo, su Tamang, su Yadav, su Magar, mutanen da aka taɓa gani zaune a bencin nan da sabon akwati tsakanin ƙafafu. Da suka tsaya, ta rubuta lambar fasfon Khagendra, wadda ta sani fiye da lambar wayarta, don ta gan shi a cikinsu da idonta ta san ta gani.

Babu shi.

Ta sake rubutawa a hankali. Babu. Ta koma ɓangaren waɗanda Mai Shara ya ce zai tsallake, inda yaran da suka tafi kwanan nan suke, sai ga shi a tsakiyarsu. A gaban lambarsa kuma, inda ya kamata a ga wata tsohuwar shekara, ranar yau ce a rubuce.

Ta matso da fuskarta kusa da allon. Da safe ta duba, huɗun nan ne. Ke nan bayan ta rufe wani abu ya shigo. Ba wanda ke shiga tsofaffin foldojin nan, abu ɗaya ne ke ajiye kaya a cikinsu, shi ne mai rarraba saƙonni. Ta kai hannu kan linzamin kwamfutar, sai ɗif, aka ɗauke wuta.

Allon teburinta ya mutu nan take. Babbar kwamfutar kaɗai ke kan batir, shi kuma tsoho ne, har ya fara kuka. In ta mutu da ƙarfi a cike haka, ana iya rasa komai, har da abin da ya shigo ɗin. Dole Pabitra ta lalubi maɓallin ta kashe ta da hannunta. Sahuji ya leƙo ya ce janareta na wurin makanike, kowa ya kama gabansa, sai gobe.

Mai hankali zai jira goben. To amma wace mace ce za ta shekara goma sha biyu tana jira, sannan a ce ta yi hankali a irin wannan lokaci? Tun a matakala ta kira gida.

"Ama, an taɓa foldarsa. Yau. Wani abu ya shigo."

"Wa ya taɓa?"

"Ban sani ba tukuna, an ɗauke wuta. Amma na'ura ba ta ƙarya, Ama. Ranar yau ta rubuta."

Pabitra ta ji ƙarar kwano ya faɗi yana juyi a ƙasa, sannan wayar ta yanke.

Kafin ta iso Kalanki, tsohuwar nan da sai an kama ta take hawa matakala ta je gidan purohit da ƙafarta ta ce a fasa. Ta fito da bargon Khagendra daga akwati ta kaɗe. Ta jiƙa shinkafar sel roti, soyayyen abin tarbar baƙi, wai ba a san yaushe baƙo ke isowa ba. Maƙwabta sun ji, mata suka cika ƙofar ɗaki, wannan na cewa dama ta yi mafarki, waccan na cewa ɗan ƙanwar kakarta ma haka ya ɓace ya dawo da haƙorin zinari. Pabitra ta zauna a tsakiyarsu tana murmushi kamar amarya. Asibiti ne, ko ya daɗe bai san inda kansa yake ba? Ko gidan yari? Kai, ko gidan yarin ne tana so. A ce mata ga inda yake, ko da ƙafa ɗaya, ko da ya manta sunanta. So take ta ji muryar nan da yake ragewa in an miƙa mata waya, ba ta cikin bidiyo ba, wadda za ta yi wa tambaya ta amsa.

Washegari ita ta riga mai gadi. An dawo da wuta. Ta kunna babbar kwamfutar, ta tsaya a kanta tana jiran ta gama tashi, abin da ta saba yi ba ta ko lura, yau kuwa ji take kamar ta ɗaga ta ta girgiza. Ta zauna ta buɗe foldar.

Fasfo, takardar likita, kwantiragi, bidiyo.

Ta rufe ta sake buɗewa. Ta nemi ɓoyayyun fayiloli, babu. Ta duba mai rarraba saƙonni ko ya maƙale da wani abu a hanya, ya nuna mata bai ga wannan lamba ba tun ran da ta kafa shi. Sai ta tambayi na'urar abin da ya kamata ta fara tambaya tun jiya: wa ya taɓa, kuma yaushe?

Na'urar ta ba ta amsa ba ɓata lokaci. Sunanta ne. Jiya da safe, lokacin da shayinta ke hucewa a gefe.

Kowane fayil rana biyu na'ura ke riƙe masa, wannan ko ɗan koyo ya sani. Akwai ranar da aka zuba masa wani abu ko aka canza shi, akwai kuma ranar da aka buɗe shi kawai aka kalla. Sahuji ya ce "ba a taɓa ba", ita kuma ta ɗauki maganarsa yadda take ta ba Mai Shara ranar kallo. A wurin na'ura, kallo ma taɓawa ne. Ta ja bayanin baya, ta ga sunanta jiya, sunanta shekaranjiya, sunanta makon jiya, haka har iyakar inda na'urar ke iya tunawa. Ba Malesiya, ba asibiti, ba kowa. Sawunta ta gani a bakin ƙofar ta ce baƙo ya zo.

Tulasa ta shigo da shayi biyu, bakinta ɗauke da tsiya kamar kullum, ta ga fuskar Pabitra ta haɗiye tsiyar.

"Mene ne ya shigo, bahini?"

"Ni ce, didi."

"Ke ce me?"

"Ni ce na shigo."

Tulasa ta ajiye kofunan, ta jawo kan Pabitra ta jingina da cikinta. Ba ta tambayi komai ba, wanda a wurin Tulasa ba ƙaramin aiki ba ne. Pabitra ta yi kuka sosai, irin wanda rabonta da shi tun tana zaman benci.

Da ta share ido ta gyara kuskuren, domin aiki aiki ne. In aka bar shi haka, duk foldar da wani ya buɗe bisa kuskure sai ta ƙara shekara biyar, na'urar kuma ba za ta taɓa samun sarari ba. Ta sauya wa Mai Shara ranar da zai riƙa dubawa, ta sake gwaji. Wannan karon Khagendra na nan cikin waɗanda za a share, tsakanin wani Khadgi da wani Khanal, da tsohuwar shekararsa a gabansa.

Ta zuba wa sunan ido tana jiran zafin ya dawo, sai ta ji wani abu dabam, abin da ya ba ta kunya. Gajiya ta ji, da wani irin sauƙi a ƙirji. Duk shekarun nan ita kaɗai ce ke buɗe ƙofar nan tana rufewa. Ba ta daina sonsa ba, ko kusa, amma a karo na farko ta ji tana so Asabar ta zo ta wuce. Tana so ta shigo ofis ta sha shayinta da zafinsa. Ama ta yi gaskiya. Ta dubi layin nan na ƙasa, ta bar shi ba komai, wannan karon da niyya. Ta kwance wa Mai Shara hannu ta ajiye umarnin.

Ƙamshin sel roti ya tare ta tun daga bakin lungu. Ama na tsugune gaban kasko, tana zuba ƙullu a mai tana zagayawa, an tara su a faranti har sun yi tudu.

"Me suka ce? Ina yake?"

Pabitra ta durƙusa kusa da ita ta yi bayanin da sauƙi iyakar iyawarta. Ba saƙo. Kuskurenta ne. Duk wanda ya buɗe foldar, na'ura sai ta rubuta an taɓa, ita kuwa kullum tana buɗewa.

"Amma ke kika ce na'ura ba ta ƙarya."

"Ba ta yi ƙarya ba, Ama. Ni ce na taɓa. Ki yafe mini. Gobe zan je wurin purohit da kaina in ba shi haƙuri, a bar ranar yadda take. Na yarda."

Ama ta bar wanda ke cikin mai ya ƙone. Hayaƙi ya tashi, ba wadda ta motsa.

"Kin yarda," in ji ta. "Yanzu kika yarda? Shekara nawa na yi ina lallashin zuciyata, yau kaɗan gobe kaɗan, har na kai ta inda za ta iya kallon wutar nan ba ta fashe ba. Ke kuma da waya ɗaya kika warware mini duka. Jiya na ga ɗana yana shigowa ta ƙofar nan, nani. Na ga yadda yake sunkuyawa don kada ya buge kai. Yanzu ki ce in je in ƙona shi?"

"Ama..."

"Kullum kina buɗewa, kika ce. Me kike gani a ciki?"

Pabitra ba ta taɓa gaya wa Ama akwai bidiyo ba. Da farko ta ce don kada ta tayar mata da hankali ne, daga baya kuma, gaskiya, rowa ce. Abu ɗaya ne na Khagendra da ya zama nata ita kaɗai.

"Yana magana a ciki," ta ce.

Tsohuwar ta sauke kaskon daga wuta. "Gobe ki kai ni."

Ran Juma'a Ama ta sa sarinta, zanenta na unguwa, ta hau matakalar ofis, tana hutawa a kowane hawa. Matan benci suka matsa mata, a zatonsu sabuwar mai jira ce. Tulasa ta haɗa hannuwa ta gaishe ta, ta kawo kujera ɗakin Pabitra, ta fita ta ja musu ƙofa. Pabitra ta ɗora hannun Ama a kan linzamin, ta ɗora nata a sama, ta danna da yatsan tsohuwar. Yau ba ta rage sauti ba.

Khagendra ya bayyana a gaban farin bango, cikin rigar aro mai faɗin wuya, gashinsa a jiƙe an kwantar da shi da ruwa. Ya faɗi sunansa da na garinsu. Ya ce yana da lafiya, ba ya shan komai, yana iya ɗaukar kaya mai nauyi, yana iya tsayuwa yini guda. Wani daga gefe ya ce masa ya juya, ya juya. Aka ce ya nuna hannuwansa, ya miƙo su ga mai kallo, ciki da baya. Daga ƙarshe ya yi zaton an gama, ya saki fuska ya yi dariya ya ce, "Shi ke nan?"

Ama ta miƙa hannu ta shafa allon.

"Bai karya ba ran nan," ta ce. "Na ce ya tsaya ya ci, ya ce zai makara. Dubi wuyansa. Sake sa mini."

Pabitra ta sake sawa. Ta kuma sakewa. Tsohuwar na amsa masa a hankali, in ya ce yana da lafiya ta ce to madalla, in ya ce yana iya ɗaukar kaya ta ce kada ka cika. Da ya kai wurin dariyar sai ita ma ta yi, hawaye na bin kuncinta.

Can ta juyo.

"Yanzu ni ma na taɓa, ko? Ta rubuta?"

"Ta rubuta, Ama."

"To gobe in mai sharar nan naku ya zo, zai ga an taɓa ya wuce."

Ba zai wuce ba. Jiya Pabitra ta gyara wannan da hannunta, yanzu ko duk mutanen Kalanki za su zo su kalla, gobe da tsakar rana Mai Shara zai kwashe foldar. Ta buɗe baki za ta faɗa. Ama na kallonta, idanunta jajur, hannunta ɗaya har yanzu a kan allon, daidai kafaɗar ɗanta. Fuskar nan Pabitra ta san ta sarai, irinta ta yi ta ɗauka zuwa bencin waje, kuma ita ce ta sa wa tsohuwar ita shekaranjiya da waya ɗaya.

Ta jawo madannai gabanta, ta buɗe umarnin, ta gangara zuwa layin ƙasa. Ta tuna shayi mai zafi da ta yi wa kanta alkawari, da fararen kayan da har ta fara tunanin inda za ta sayo. Sannan ta rubuta lambar fasfon, ta duba ta da kyau, ta ajiye.

"Zai wuce, Ama."

Tsohuwar ta sauke ajiyar zuciya, ta gyara bakin sarinta a kai.

"Purohit ya jira," ta ce. "Ba gaggawa muke ba. Ke dai kada ki yi sakaci da shi, nani, kullum ki riƙa dubawa. Yaushe za ki sake kawo ni?"

"Duk ran da kike so," in ji Pabitra, ta kama ta suka fara sauka a hankali.